Joe Burrow ko Mac Jones: wa za ka damƙa wa ƙwallo?

A kakar 2019 Joe Burrow ya ja ragamar jami'ar LSU ta jihar Louisiana, suka buga wasa 15 suka cinye duka, suka ɗauki kofin ƙasa. Da shekara ta zagayo Mac Jones ya yi wa jami'ar Alabama irin wannan aiki, wasa 13 ba faɗuwa ko ɗaya, shi ma da kofi a hannu. Tun daga lokacin masu bin ƙwallon Amurka na jami'o'i (American football, wanda ake jifa da hannu) ke musu a kan mutanen nan biyu, kuma musun ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, domin alƙaluman da suka bari sun yi kunnen doki. Tambayar da ta fi amfani ita ce: in aka ce ka kafa ƙungiya, aka ba ka zaɓin ɗaya daga cikinsu, kowanne kamar yadda yake a shekarar da ya yi tashe, wa za ka ɗauka?

Ga wanda bai saba kallon wasan ba, abin da ya kamata ya riƙe kaɗan ne. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da yunƙuri huɗu ta ci yadi goma. In ta ci, a sake ba ta wasu huɗun. Kai ƙwallo gidan abokan hamayya shi ne tacdawun, maki shida ke nan. Kwatabak, wato matsayin da Burrow da Jones ke bugawa, shi ne madugu, shi ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane yunƙuri. Gabansa akwai ƙarti biyar da ke yi masa katanga, masu cafka kuma su bazama cikin fili, kowa da hanyar da aka tsara masa. Daƙiƙa biyu zuwa uku yake da su ya karanta tsaro, ya zaɓi mutum, ya saki ƙwallo kafin a danne shi.

A takarda, ga yadda abin yake. Burrow ya yi jifa 527, aka cafke 402, wato kashi 76.3 cikin ɗari, yadi 5,671, tacdawun 60, abokan hamayya suka sace masa ƙwallo a sama sau 6. Jones ya yi jifa 402, aka cafke 311, kashi 77.4 cikin ɗari, yadi 4,500, tacdawun 41, aka sace 4. In ka raba yadin da yawan jifa, Jones ne ma a gaba: kusan yadi 11.2 a kowace jifa, Burrow kuwa 10.8. Magoya bayan Jones nan suke kafa hujjarsu, kuma ba a banza ba. Sukan ƙara da cewa saboda annobar korona, Alabama ba ta samu ƙananan makarantun da ake lallasawa a farkon kaka don kumbura alƙaluma ba. Wasanninta goma na farko duk da ƙungiyoyin SEC ne, rukunin manyan jami'o'in kudu maso gabashin Amurka. Magoya bayan Burrow su mayar da martani cewa LSU ta doke ƙungiyoyi bakwai da ke cikin goman farko a jadawalin ƙasa a lokacin da aka haɗu da su: Texas, Florida, Auburn, Alabama, Georgia, Oklahoma da Clemson. Kowa da gaskiyarsa, kuma in a nan za a tsaya, sai a kwana ana ja-in-ja.

Matsalar ita ce kason jifar da aka cafke ba ya gaya maka wanda ya yi aikin. Jifar yadi biyu ga mutumin da ba kowa kusa da shi, ya ruga yadi hamsin da ƙafarsa, ana rubuta wa kwatabak yadi hamsin da biyu. Jifar da aka cusa tsakanin masu tsaro biyu alhali wani ƙato na shirin rugurguza maka haƙarƙari, ita ma layi ɗaya take ci a littafi. Don haka sai an koma faifan wasa, a duba abu uku: yaushe ƙwallo ta bar hannunsa, a wane ɓangaren jikin mai cafka ta sauka, kuma me ya yi lokacin da tsarin koci ya wargaje.

A na farko, wato sakin ƙwallo da wuri, Jones ba kanwar lasa ba ne. Ba shi da ƙarfin hannu na a zo a gani, kuma ya san haka, sai ya rufe giɓin da saurin karatu. Sau da yawa za ka ga ƙwallo ta tashi tun DeVonta Smith, mai cafkar Alabama, bai karya kwana ba, ta same shi daidai lokacin da ya juyo. Masu kallon ƙwallon ƙafa sun san wannan: ɗan tsakiyar da ke tura ƙwallo inda ɗan gaba zai je, ba inda yake tsaye ba. Irin wannan jifa ba ta yiwuwa sai da sabo, kuma sabon nan yana da tarihi. Jones da Smith shekara ɗaya suka shiga Alabama, 2017, tare da Tua Tagovailoa da Jerry Jeudy da Henry Ruggs da Najee Harris. Jones ya yi shekaru yana zaman benci, bayan kwatabak Jalen Hurts, sannan bayan kwatabak Tua, yana jifa a filin atisaye ba mai kallonsa. Sai da Tua ya samu mummunan rauni a ƙugu a Nuwamban 2019 aka damƙa masa ƙungiya. Kafin ya zama na ɗaya a 2020, ya riga ya san takun Smith kamar yunwar cikinsa.

Jifarsa mai nisa ma tana da kyau, tana tashi sama ta sauko a hankali kan kafaɗar mai gudu, ba sai ya rage sauri ba. A wasanni huɗu na farkon 2020 mai cafka Jaylen Waddle ya tara yadi 557, har da tacdawun na yadi 90 a kan Georgia. Sai ga shi a wasan Tennessee, a bugun buɗe wasa, Waddle ya karye a idon sawu. Nan ne aka gwada Jones, kuma ya ci jarrabawar: bai rikice ba, ya ƙara jingina da Smith, ya jawo John Metchie ciki, injin ya ci gaba da tafiya. Smith ya gama kakar da cafka 117, yadi 1,856, tacdawun 23, ya kuma lashe kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, wadda rabon mai cafka da ita tun Desmond Howard a 1991. Jones ya zo na uku a wannan zaɓe.

To amma a lura da abin da hakan ke nufi. Masu zaɓe sun kalli Alabama, suka yanke cewa gwanin ƙungiyar shi ne mai cafkar, ba mai jifar ba. Smith kuwa ba Jones ne ya fito da shi ba. Tun yana ɗan shekarar farko shi ya cafki jifar yadi 41 daga hannun Tua wadda ta ba Alabama kofi a kan Georgia a Janairun 2018. A 2019, mafi yawanci da Tua, ya yi yadi 1,256, alhali yana raba ƙwallo da Jeudy da Ruggs da Waddle. Siriri ne, kamar iska za ta ɗauke shi, amma mai tsaro ba ya iya taɓa shi a bakin layi, kuma in ya karya kwana sai ka ga tazarar yadi biyu ko uku ta buɗe.

Ga kuma Steve Sarkisian, kocin da ke tsara harin Alabama a lokacin. Gwaninsa shi ne motsa mutum kafin a fara yunƙuri, ya rikita masu tsaro har sai an bar Smith da wanda bai isa ya bi shi ba. Wasan ƙarshe da Ohio State a Miami, ranar 11 ga Janairun 2021, ya nuna haka ƙarara. Akwai tacdawun na yadi 42 inda aka wayi gari ɗan tsakiyar tsaro Tuf Borland, mutum mai jiki da aka tanada don tare masu gudu da ƙwallo, shi ne ke bin Smith. Tseren ya ƙare tun kafin a fara shi. Smith ya yi cafka 12, yadi 215, tacdawun uku, kusan duka kafin hutun rabin lokaci, sannan ya ji ciwo a yatsa ya fita. Alabama ta ci 52 da 24, Jones ya tashi da yadi 464 da tacdawun biyar. Aiki ne mai tsabta, ba wanda zai ƙwace masa. Sai dai in ka zauna ka ƙirga jifar da ya yi wa mutumin da ke rufe ruf, ko wadda ya yi bayan katanga ta rushe, ba za ka cika hannu ba. Katangar tasa, mai ɗauke da Alex Leatherwood da Landon Dickerson, ita aka zaɓa mafi kyau a ƙasar a shekarar, ga Najee Harris a bayansa da tacdawun 26 na gudu, wanda ya tilasta wa masu tsaro matsowa gaba.

Labarin Burrow ya bi wata hanya dabam, kuma ya fi koyar da mai son gane yadda sabo ke aiki, domin an ga mutum ɗaya da masu cafka kusan iri ɗaya a shekara biyu mabambanta. Ya baro Ohio State a 2018 bayan ya rasa gurbin farko, ya iso Baton Rouge, garin da LSU take, 'yan watanni kafin a fara kaka. A shekarar kashi 57.8 kacal na jifarsa aka cafke, tacdawun 16. Justin Jefferson na nan, ya yi yadi 875. Ja'Marr Chase na nan, sabon shiga, yadi 313. Ba wanda ya kalli wannan Burrow ya ce ga wanda za a fara ɗauka a zaɓen da ƙungiyoyin ƙwararru ke yi na 'yan wasan jami'a.

Abu biyu suka canja. Koci Ed Orgeron ya ɗauko wani matashi, Joe Brady, daga ƙungiyar New Orleans Saints, ya haɗa shi da Steve Ensminger, suka watsar da tsohon salon LSU na cunkushewa a tsakiya ana turereniya, suka baza mutum huɗu, wani lokaci biyar, a faɗin fili. Na biyu, Burrow ya samu cikakkiyar bazara da mutanensa, suka yi ta jifa da cafka har aka riƙa maganar ƙwallo dubu goma da masu cafkar suka sa wa kansu a matsayin buri kafin kaka. Aka mayar da Jefferson ciki, kusa da katanga, inda aka ba shi 'yancin duba mai tsaronsa ya zaɓi inda zai karya, ciki ko waje. Wannan tsari yana da haɗari: in mai jifa ya karanta dama, mai cafka ya karanta hagu, ƙwallo a hannun abokin hamayya za ta sauka. Sai idanu biyu sun ga abu ɗaya a daƙiƙa ɗaya. Jefferson ya cafki 111 a kakar, yadi 1,540, tacdawun 18, kuma duk shekarar sau shida aka sace wa Burrow ƙwallo. Wannan lissafin, a ganina, ya fi tacdawun 60 ɗin bayyana irin fahimtar da ke tsakaninsu.

Da Chase kuwa wata irin yarda ce dabam. Chase ƙaƙƙarfa ne, mai son kokawa a sama. Burrow kan jefa masa ƙwallo ko da mai tsaro na manne da shi, amma ba jifar a-rufe-ido ba: in mai tsaron ya wuce gaba, sai ƙwallo ta zo ta bayan kafaɗa inda Chase kaɗai zai iya juyowa ya kama, in mai tsaron na baya, sai ta wuce sama. Mutumin da ke rufe a idon kowa, a idon Burrow a buɗe yake, domin wurin da ya ajiye ƙwallon ne ya buɗe shi. Chase ya gama da yadi 1,780 da tacdawun 20. Terrace Marshall ya samu 13, Clyde Edwards-Helaire da ke fitowa daga baya ya cafki sama da hamsin, Thaddeus Moss ma ya samu rabonsa. Ƙwallon ta zaga.

Inda tazarar ta fito fili shi ne abu na uku, lokacin da tsari ya lalace. A Austin, gidan jami'ar Texas, cikin Satumban 2019, LSU na gaban Texas da maki shida, saura minti biyu da 'yan kai, yunƙuri na uku, ana neman yadi 17. Koci mai tsoro zai sa a ruga da ƙwallo a ci lokaci, a buga wa abokan hamayya. LSU ta zaɓi jifa. Texas ta turo mutane, katanga ta fara tsagewa, Burrow ya kutsa gaba ta tsakanin jikkuna, ƙafafunsa ba su ma daidaita ba ya saki ƙwallo, ta sami Jefferson yana ratsa fili, ya ƙarasa yadi 61. Aka tashi 45 da 38. A wasan kofin SEC da Georgia ya sake yin wanda ya fi wannan: ya zille wa mai tsaron Georgia Travon Walker har sau biyu a yunƙuri ɗaya, ya gangara dama, idonsa na can ƙasan fili, ya sami Jefferson, aka ci yadi 71. A irin wannan lokaci babu sauran hanyar da koci ya zana. Mai cafka ne ke duba inda madugunsa ya nufa ya nemi fili ta wannan ɓangaren, mai jifa kuma ya san inda zai neme shi.

Kuma Burrow ya sha duka. Katangar LSU ita ma ta karɓi kyautar shekara, amma tsarin baza mutum biyar yana nufin ba mai taimaka mata, aka kayar da shi fiye da sau talatin. Wani ɓangare laifinsa ne, yana riƙe ƙwallo fiye da kima yana neman babbar jifa, kuma wannan aibi ne da ya kamata mai zaɓe ya sa a ma'auni. Jones ya fi shi saurin rabuwa da ƙwallo da kauce wa asara. Sai dai Burrow na biyan bashin da ƙafarsa: yadi 368 da tacdawun biyar na gudu a 2019, alhali Jones kusan ba ya motsawa daga inda aka ajiye shi.

Akwai kuma tambayar wa aka taɓa gani a cikin rami. A wasan ƙarshe, ranar 13 ga Janairun 2020 a New Orleans, Clemson ta rikita LSU da farmaki iri-iri, ta yi gaba 17 da 7. Burrow ya gano cewa suna barin Chase da mutum ɗaya, ya yi ta bugun wurin har Chase ya tara yadi 221, aka tashi 42 da 25. Kafin nan ya je Tuscaloosa ya ci Alabama 46 da 41 a gidanta, ya kuma jefa wa Oklahoma tacdawun bakwai kafin hutun rabin lokaci, huɗu daga ciki a hannun Jefferson. Jones ma ya sha matsi, musamman a wasan Florida da aka tashi 52 da 46, da na Georgia inda aka sace jifarsa ta farko ya dawo ya yi yadi sama da 400. Amma wasan da ya fi nuna iyakarsa shi ne na Auburn a ƙarshen 2019: ya jefa tacdawun huɗu, ya kuma ba da ƙwallo biyu da aka sace aka ruga da su har gida, Alabama ta faɗi 48 da 45. Adalci shi ne a tuna cewa a lokacin bai daɗe da karɓar ƙungiyar ba.

Wata hujja da ake yawan kawowa ita ce abin da ya biyo baya. Jones ya tafi, Sarkisian ya tafi Texas, Smith da Waddle suka tafi, amma a 2021 Bryce Young ya hau kujerar ya jefa tacdawun 47 ya ɗauki Heisman. Kafin Jones ma, Tua ya jefa 43 a 2018. Wato a Alabama ta koci Nick Saban, duk wanda ya zauna a wurin yana haskawa. LSU kuwa ta koma cin biyar faɗuwa biyar a 2020. Ina karɓar rabin wannan hujja ne kawai, domin ba Burrow kaɗai LSU ta rasa ba: Brady ya tafi, Jefferson ya tafi, Chase ya ƙi buga kakar korona, ƙungiyar ta watse gaba ɗaya. Haka nan masu cewa Smith ne ya ɗauki Jones a kafaɗa su tuna cewa Jefferson ya je Minnesota ya yi yadi 1,400 a shekararsa ta farko da wani mai jifa dabam. Duka biyun da zaratan mutane suka yi aiki. Ba wanda ya yi noma shi kaɗai a cikinsu.

Abin da ya faru a gasar ƙwararru ta NFL bai kamata ya zama alƙalin kakar jami'a ba, amma akwai darasi ɗaya a ciki game da sabo. Cincinnati Bengals ta ɗauki Burrow na ɗaya a 2020, ya ji mummunan rauni a gwiwa a bayan katanga mai yoyo. A 2021, da zaɓi na biyar a hannunta, jama'a da yawa na kiran a ɗauko mai tare masa gaba, sai ta ɗauko Chase. Chase ya yi yadi 1,455 a shekarar, ƙungiyar ta kai Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar, ta faɗi 23 da 20 a hannun Los Angeles Rams. Jones, wanda New England Patriots ta ɗauka na 15, ya fara da kyau a shekarar farko, sannan da aka canja masu tsara masa hari kuma babu mai cafka irin Smith, sai abin ya yi ta ja da baya har aka sallame shi zuwa Jacksonville a 2024.

To, wa za ka ɗauka? Ya danganta da abin da ke hannunka, amma ba daidai-wa-daida ba. In kana da katanga mai ƙarfi, da mai cafka da ke buɗe kansa, da koci mai iya zana hanya, Jones zai tuƙa maka motar ba tare da ya jefa ta rami ba, zai ba kowa ƙwallonsa a kan lokaci, ba kuma zai yi maka asarar yadi da riƙon ƙwallo ba. Ƙungiyoyin da ke da waɗannan abubuwa uku a lokaci ɗaya ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba a duk Amurka. In ɗaya daga ciki ya yi rauni, ko kana tsammanin ranar da abokin hamayya zai gano tsarinka tun kwata na farko kamar yadda Clemson ta yi, Burrow kake buƙata. Ni Burrow zan ɗauka ko da ina da duka ukun, domin duk jifar da Jones ya yi a 2020 na ga Burrow ya yi irinta a 2019, amma ta Austin da ta wasan Georgia ban ga Jones ya yi ba. Sharaɗi ɗaya ne: ka ba shi bazara guda cur da masu cafkarsa kafin ka fara yi masa hisabi, don Burrow na 2018, wanda bai samu wannan ba, ko kashi 58 bai kai ba.